Fayil Mai Shuɗin Ƙyalle

Assalamu alaikum, 'yar'uwa mai wannan fili.

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. In kin ga layi ya hau kan layi ba ganganci ba ne, idona ne, kuma maganar idon ce ma ta kawo ni. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. In na ce miki a kan fayil ɗin asibiti nake neman rasa ido, za ki ce matar nan ta fara zarewa. Wataƙila ma gaskiyarki.

Ni mai ɗinki ce, shekarata hamsin da tara, talatin da 'yan kai daga ciki a kan keke na yi su. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya rasu shekara biyu da wata huɗu ke nan. A maɗaba'a ya yi aiki, shi ne mai ɗinke littattafai ya yi musu bango. Maƙwabta kan tsokane mu wai gidan allura biyu, ni ina ɗinka wa mutane, shi yana ɗinka wa takarda. Gwani nake kiransa, da farko don zolaya, daga baya sunan ya bi shi har wurin aiki. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a yage ya wuce. Ko kalandar gidan mutane ya ga ta ɓalle, kafin a kawo masa ruwa ya tambayi inda gam yake.

Lokacin da maɗaba'ar ta sa ma'aikatanta a inshorar lafiya, aka ce kowane gida ya zaɓi likita ɗaya da zai riƙa fara gani, in ciwo ya fi ƙarfinsa shi zai rubuta takarda ya tura mutum gaba. Gwani ya zaɓi wani ɗan asibiti a bayan tashar mota, ɗaki uku da baranda da benci biyu, ɗayan ma da bulo aka tokare ƙafarsa. Na yi mita har na gaji, na ce duk asibitocin da ke cikin jerin ya rasa na ɗauka sai wannan akurki. Ya ce shi likitan ya zaɓa, ba ginin ba. Shekara goma sha tara muka yi muna zuwa akurkin nan.

Baba Likita yaranmu ke kiransa, har ni ma na bi bakinsu. Ba ya taɓa ɗaukar biro sai ka gama magana. Abin sauraron ƙirjin nan nasu sai ya murza shi a tafin hannu ya yi ɗumi kafin ya ɗora wa yaro. Shi ya gano ciwon sukarina alhali ba ni na zo ganinsa ba, auta na kawo tana tari, ya lura sau biyu na nemi ruwa kafin mu fita, ya ce in tsaya a yi mini awo. In ya tambaye ni ko na daina zuba sukari a shayi na ce na daina, sai ya yi ta dubana ta saman tabarau, har sai na ce to cokali ɗaya ne. Da zuciyar Gwani ta fara ba shi wahala, shi ya tura mu wurin ƙwararru a babban asibiti, kuma duk takardar da suka ba mu wurinsa muke dawo da ita, ya karanta ya warware mana da bakin da za mu gane. Ranar da Gwani ya rasu ya rufe ofis ya zo, ya zauna a tabarma cikin mutane kamar ɗan gida.

To ga maganar fayil ɗin. A asibitin nan fayil ɗaya ake buɗe wa gida guda, da sunan maigida a bango. Mu shida ne a ciki, shi da ni da yara huɗu. Da shekaru suka yi nisa fayil ɗin ya yi ƙiba, bayansa ya tsage, takardu suna leƙowa. Gwani ya gani, hankalinsa ya tashi kamar an ce masa rufin ɗaki ya faɗo. Ya roƙi a ba shi ya je ya gyara, matar da ke ba da kati ta ce fayil ba ya fita daga asibiti ko na wane ne. Bai yi musu ba. Asabar na zagayowa ya ɗauki allurarsa da zare da gam, ni kuma na ba shi ragowar wani shuɗin ƙyalle da na ɗinka wa yara kayan makaranta da shi, na kalmashe masa bakin don kada ya zare. A kan bencin nan mai bulo ya zauna ya ɗinke shi tsaf, marasa lafiya suna kallo suna dariya, har wani tsoho ya ce ko za a duba masa takalminsa shi ma. Tun daga ranar, a cikin ɗaruruwan fayiloli masu ruwan ƙasa, namu ne kaɗai shuɗi. Daga bakin ƙofa nake hango shi a kan kanta.

Yara suka girma, kowa ya kama gabansa, aka riƙa zare takardunsu ɗaya bayan ɗaya. Gwani ya tafi. Saura ni kaɗai a ciki. Amma sunan da ke bango nasa ne, kuma in layi ya zo kaina mai kati takan ɗaga murya ta kira iyalin wane, ta faɗi sunansa cikakke har da na mahaifinsa. 'Yar'uwa, duk duniyar nan babu sauran wurin da ake kiran sunan nan da ƙarfi wani ya amsa. A gida marigayi ake cewa, ko Allah ya jiƙan Baba, a sassauta murya. A can kuwa kiransa ake yi kamar yana nan zaune a baranda yana karkaɗa ƙafa, ni kuma in ce na'am in miƙe. Ina kewarsa, ba zan ɓoye miki ba. Ina kewarsa fiye da yadda ya kamata mace mai jikoki biyar ta faɗa.

Shekara guda bayan rasuwar, inshorar maɗaba'a ta ƙare a kaina. Babban ɗana, Allah ya yi masa albarka, ya yi ta zirga-zirga har ya sa ni a ta wurin aikinsa. Ranar da ya kawo mini katin murna yake kamar ya saya mini mota. Sai dai asibitin Baba Likita ba ya cikin jerinsu. Aka haɗa ni da wani sabon asibiti mai sanyi da ƙasa mai santsi, da na'urar da ke tofo wa mutum lamba. Arba'in da bakwai aka kira ni. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi 'yata ta biyu ba. Ba zan ɗauki alhakinta ba, ta gaishe ni da ladabi, Mama ta ce mini. Amma idonta na kan kwamfuta, tana jero mini tambayoyin da Baba Likita ya san amsarsu tun tana makarantar firamare. Can ta tambayi wanda za a kira in wani abu ya same ni. Kafin in yi tunani na karanto mata lambar Gwani daga farko har ƙarshe. Ta rubuta, ta tambayi ko mene ne shi a wurina. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya yi. Na ce mata ya rasu. Ta ɗauke hannu daga kwamfutar, ta juyo da kujerarta, ta ce sannu Mama, ta turo mini takardar share hawaye. Ni kuwa kunya ta rufe ni, kunyar ta juye ta zama haushi, ban ma san haushin wa nake ji ba.

Kafin in fita ta ba ni wata takarda, wai in sa hannu don su nemo bayanan lafiyata daga tsohon asibiti. Na ce na manta tabarau a gida. Ƙarya nake, yana cikin jakata. Daga nan ban zame ko'ina ba sai bayan tasha, wurin mai kati, na tambaye ta a fakaice abin da ake yi wa fayil in an zare takardun mutum na ƙarshe. Ta ce wanda ba kowa a ciki sito ake kai shi, can baya, a cikin kwali. Wata bakwai ke nan takardar nan tana cikin aljihun kekena tare da almakashi.

Abin da nake yi tun daga lokacin shi ne, duk wata in shirya in ce zan je sayen zare, in hau mota in tafi bayan tasha, in biya daga aljihuna, in zauna a benci in jira a kira. In ɗana ya tambayi yaya sabuwar likita, in ce lafiya lau, tana da kirki. Ya ce ai ya faɗa mini. Ni da na hana su ƙarya da bulala, yau ni ce ke shirya ta duk wata.

Wata uku da suka wuce idona na dama ya fara yi mini hazo, da wasu baƙaƙen zare-zare suna yawo a ciki. Na ce gajiya ce. Zura zare a allura ya koma sai na laluba. Rannan na ɗinke wa wata mata hannun riga da zaren da ba launinsa ba, ta dawo da ita tana tambaya ko fushi nake da ita. Da na faɗa wa Baba Likita ya haska idon ya daɗe yana dubawa, na ga fuskarsa ta canja. Ya ce sukari ya taɓa bayan idon, sai ƙwararren likitan ido mai na'urori, kuma ba maganar a jira watanni ba ce. Ya rubuta mini takarda, amma ya ce inshorar da nake ciki ba za ta karɓi tasa ba, sai ta likitar da aka yi mini rajista da ita, aikin kuwa ya fi ƙarfin aljihun mai ɗinki. Da ya ji ban sake komawa wurinta ba, kuma ya ji dalili, ya yi mini faɗan da bai taɓa yi mini ba a shekara goma sha tara. Ya ce in na sake zuwa ban sa hannun nan ba, zai hana mai kati ɗauko fayil ɗin. A cikin mota na yi ta kuka ina juya fuska wajen taga. Sati biyar ke nan.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. A zuwan nan na ƙarshe na tsaya a bakin ƙofa kamar kullum ina neman shuɗin a kan kanta, ban gan shi ba. Duk sun zama launi ɗaya. Sai da mai kati ta sauko da shi ta ajiye a gabana.

Ki gaya mini, akwai hanyar da za a sa inshora ta yarda da Baba Likita? Da wane baki zan faɗa wa yaron nan wata bakwai ina yi masa ƙarya? Na san takarda takarda ce, ba yarinya ba ce ni. Amma duk ranar da na ɗauko biro sai in ji kamar da hannuna zan sa a kai shi sito a rufe.

Taki,
Mai Ɗinki

Amsa

Wa alaikumus salam, Yaya Mai Ɗinki.

Ba ki zare ba. Sabo ake yi wa kuka, kuma wanda ya yi shekaru yana jin suna ɗaya safe da yamma ba abin mamaki ba ne ya hau mota don ya sake jinsa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun sai da na ajiye ta na ɗan huta. Allah ya jiƙan Gwani.

Amma bari in fara da abin da ba ya jira. Ni ba likita ba ce, sai dai likitan da kika fi yarda da shi a duniya ya ce ba maganar watanni ba ce, kuma sati biyar sun riga sun tafi. Gobe da safe ki ɗauki katin inshora, da takardar da Baba Likita ya rubuta, da waccan ta aljihun keke, ki tafi wurin sabuwar likita. Ki ce mata ido ne, kuma na gaggawa ne. Ba sai kin jira tsofaffin bayananki sun iso ba, takardarsa ta isa ta nuna mata abin da ya gani, ita kuma ta rubuta wadda inshora za ta karɓa. In kuma kafin nan ganin ya ragu farat ɗaya, ko kika ga kamar an ja labule a idon, kada ki tsaya neman takardar kowa, ki wuce sashen gaggawa kai tsaye.

Kin tambayi ko za a iya sa su yarda da Baba Likita. A galibin tsare-tsare irin wannan mutum yana iya canja likitansa na farko, amma a cikin jerin da suke aiki da su. Ɗanki zai iya tambaya a ofishinsu, ko ya kira lambar da ke jikin katin, ya ji ko akwai yadda asibitin zai shiga. Ku tambaya, ba a biyan kuɗin tambaya. Sai dai ban yi miki alkawari ba, kuma ko za a yi, abu ne mai cin lokaci. Kada ki rataye idonki a kansa.

Yanzu bari in ɗan kare yarinyar nan, sabuwar likita, tunda ba ta nan balle ta kare kanta. Ba don mugunta aka ce mutum ya riƙe likita ɗaya ba. Gaskiya ne masu inshora suna da nasu lissafin, ba sa so kowa ya tashi da ciwon kai ya nufi ƙwararre, kuma wani lokacin tsarin yana wahalar da mutane, kamar yadda ya raba ki da likitanki ba tare da an tambaye ki ba. Wannan haushi ne mai dalili. Amma amfaninsa kin fi ni sani, don kin ci moriyarsa shekara goma sha tara. Wanda ya lura kin nemi ruwa sau biyu, wanda ya karɓi takardun ƙwararru ya warware muku, aikin likitan farko ke nan: mutum ɗaya da labarin jikinka yake hannunsa gaba ɗaya, ya san lokacin da zai riƙe ka da lokacin da zai tura ka. Takardar da ta ba ki, abin da take nema da ita shi ne rubutun Baba Likita, duk abin da ya gani a jikinki tun farko. So take ta saurare shi kafin ta taɓa ki. Da kika ƙi sa hannu, shi kika hana magana.

Kuma ki sake karanta abin da kika rubuta da hannunki. Kin ce ta ɗauke hannu daga kwamfuta ta juyo da kujerarta. A zama ɗaya ke nan, ba ta san ki ba. Baba Likita ma ai baƙo ne a ranar farko, kuma ke ce kika kira wurinsa akurki. Gwani ya ce likita ake zaɓa, ba gini ba. Kada ki yi wa wannan hukunci da sanyin ɗakinta da lamba arba'in da bakwai. Ki ba ta zama uku ko huɗu. In har ba ku daidaita ba, jerin yana da wasu, ki canja. Ki kuma shirya, ita ma za ta gano maganar cokali ɗayan nan.

Maganar ɗanki. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, Yaya. Ki kira shi yau, kada ki yi dogon sharhi. Ki ce masa ba ki zuwa sabon asibiti, ki faɗi inda kike zuwa, ki faɗi dalili kamar yadda kika faɗa mini. Zai ji zafi, zai yi faɗa, kuma yana da gaskiya, don ya sha wahala kafin ya samo katin nan. Ki bar shi ya yi. Amma ki tuna shi ma uba ya rasa, shi ma marigayi yake ji ana cewa. Ina kyautata zaton in ya ji akwai wurin da ake kiran sunan mahaifinsa da ƙarfi, faɗan ba zai yi tsawo ba. Ya raka ki gobe, don in an sa miki maganin buɗe ido ba za ki ji daɗin komawa ke kaɗai ba. Kuma lambarsa za ki ba likita a wannan karon.

Bayan an ga idon, ku je bayan tasha ku biyu, da ƙannensa in sun samu zuwa. Ku zauna a bencin nan, ku roƙi mai kati ta kira sunan yadda ta saba, ku amsa tare. Sannan ki roƙi Baba Likita bangon. Takardun ciki suna da ƙa'idarsu, amma ƙyallen naki ne, zaren kuwa na Gwani ne. Wataƙila ya ba ki, wataƙila doka ta hana, in ta hana ku ɗauke shi hoto. Shi kuma Baba Likita ba ki rasa shi ba. Wanda ya zauna a tabarmar gidanku ba ya buƙatar kati kafin ki je gaishe shi. Faɗan da ya yi miki kuwa, in da bai damu da ke ba da ya ci gaba da karɓarki duk wata yana kallon idon yana tafiya.

Abu na ƙarshe. Tsoronki shi ne a kai fayil ɗin sito ki daina ganinsa. To ranar da kika tsaya a bakin ƙofa kika neme shi kika rasa, yana nan a kan kanta inda yake kullum, ba wanda ya taɓa shi. Jiran da kike yi ne yake ɗauke miki shi. Kin ce Gwani ba ya iya ganin abu a yage ya wuce, ya ɓata Asabar guda a kan bayan fayil. Ki tambayi kanki kwana nawa zai yarda a yi da idon matarsa a haka. Ki sa hannu, Yaya.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa a dace da magani, ya haskaka makwancin Gwani, ya nuna miki ranar da za ki sake hango shuɗin nan daga bakin ƙofa.